Q84: Lambar da ba kasafai take shiga karnen ƴaƴanmu ba

Duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya san yadda abin yake ƙarewa. A auna yaro, a duba shi, a rubuta layi biyu ko uku cikin karne, sannan a miƙo takardar magani. Yawancinmu takardar maganin muke bi da ido, domin ita ce za ta ci kuɗi. Layin sama, inda aka rubuta sunan ciwon, ba mai tsayawa a kansa. Ni kuwa ina ganin wannan layin shi ne babba, domin daga gare shi magani ke fitowa, kuma shi ne ake tattarawa a ƙarshen wata a aika wa magabata su san abin da ke damun jama'a. In aka rubuta shi ba daidai ba, duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Akwai wasu yara da wannan layin ke yawan cuta, su ne waɗanda aka haifa da matsalar gashi. Wani an haife shi kai fes, ba suma, ba gira, ba gashin ido. Wani gashin yana fitowa amma ba ya wuce rabin gaɓar yatsa sai ya karye. Wani kuma gashin ne ya yi masa yawa har fuska da baya. Ba su da yawa, amma suna nan, kuma mu malaman lakkol mun fi kowa ganinsu, tunda kowace safiya kawuna sittin ko saba'in ke jere a gabanmu. Abin da nake so in faɗa shi ne, waɗannan yaran suna da suna da lamba a kundin cututtuka na duniya, kuma ya kamata sunan da lambar su riƙa shiga takardunmu.

Bari in fara da kundin kansa, don mai karatu da bai taɓa jin labarinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana da babban kundi da ya jera cututtuka rukuni-rukuni, kowane da lambarsa. Masu Faransanci suna kiransa CIM, masu Ingilishi ICD. Asalinsa jerin abubuwan da ke kashe mutane ne, wanda wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar aka amince da shi a Shikago a 1893. OMS ta karɓi ragamarsa a 1948, daga nan aka shigar da cututtukan da ba lallai su kashe ba. Bugu na goma, CIM-10, an amince da shi a 1990, ya fara aiki a 1994, kuma har yanzu shi ne aka fi sani a asibitoci da yawa. Bugu na goma sha ɗaya an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022.

Amfanin lambar a fili yake. Likita a Damagaram zai rubuta da Faransanci, na Kano ko Kumasi da Ingilishi, amma in dukansu suka rubuta B35.0, kowa ya san makero ake nufi. Mu a lakkol mun san irin wannan. Yara uku na iya zama masu suna ɗaya a aji ɗaya, lambar rajista ce ke raba su ranar jarrabawa.

A cikin CIM-10 akwai babi guda, na goma sha bakwai, daga Q00 zuwa Q99, wanda aka keɓe wa abubuwan da ake haihuwar mutum da su. A ciki, gashi ya samu lambobi uku. Q84.0 na wanda aka haifa ba gashi ne. Q84.1 na wanda silin gashinsa ne ya fito da wata siffa dabam, kamar wanda likitoci ke kira moniletiris: in aka sa silin a madubin likita za a gan shi kamar carbi, wuri mai kauri, wuri siriri, kuma a siririn nan yake karyewa. Q84.2 kuwa ta tattara sauran, har da yawan gashi tun daga haihuwa, da gashin nan mai laushi na cikin ciki da ya kamata ya zube amma ya ƙi zubewa.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai. Zai ce: Mushe, a ƙasar da masassarar cizon sauro ke kwasar yara kowace damina, ga tamowa, ga gudawa, ga ƙyanda, kai kuma ka zo mana da zancen gashi? Ai wanda bai da gashi sai ya sa hula. Wannan magana ba ta banza ba ce. Majon da ke ganin marasa lafiya fiye da ɗari a yini ɗaya cikin watan Satumba ba shi da lokacin tsayawa yana nazarin gira. Kuma gaskiya ne, yawancin matsalolin gashi na haihuwa ba sa kisa, wasu ma ba su da wani magani da zai tsiro da gashin.

Amma wanda ya ce hula ta isa ya manta da abu guda. Gashi da haƙora da farce da ƙofofin zufa duk daga fata guda suke tasowa tun jariri yana cikin uwarsa. Abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa sauran. Gashi kawai shi ne ke waje, shi ido ke fara gani. Sau da yawa shi ne ke nuna wa likita cewa akwai wani abu a ciki da ya kamata a bincika.

Misali mafi kusa da mu shi ne ciwon da ke da lamba Q82.4, wanda zan kira ciwon rashin zufa na gado. Alamominsa uku ne: gashi kaɗan mai laushi, haƙora ƴan kaɗan masu tsini da ke makarar fitowa, da jikin da ba ya yin zufa ko yake yin kaɗan ƙwarai. Ba sabon abu ba ne. A 1875 Charles Darwin ya rubuta labarin wani dangi a yankin Sindh, wanda yanzu yake cikin Pakistan, inda maza goma a cikin zuriya huɗu suka fito da ƴan haƙora, ba gashin kirki, kuma suna shan wuya sosai lokacin zafi. Ya lura cewa ƴaƴa mata ba sa nuna ciwon, amma su ke kai shi ga ƴaƴansu maza, kuma uba ba ya ba ɗansa namiji. Binciken baya ya tabbatar da haka ga nau'in da ya fi yawa: matar da ke ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi.

To yanzu a ɗauko wannan yaron a ajiye shi a Tawa ko Agadas ko Yamai cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Zufa ita ce ke sanyaya jikin ɗan Adam. Wanda ba ya yin ta, jikinsa ɗaukar zafi yake yi kamar tukunya a kan murhu. Jaririn da aka naɗe cikin zane aka goya a rana zai yi zafi zau, har ya kai ga taune-taune, wani ma ya rasa ransa. A kai shi likita, me za a fara tunani? Masassara. In gwajin jini bai nuna komai ba, a ce wata cuta ce ta shiga jini, a ɗora masa allurai. Alhali abin da zai cece shi yana cikin randa: a jiƙa masa riga, a ba shi ruwa akai-akai, a ajiye shi a inuwa, a hana shi fita tsakar rana. Wannan ba ya buƙatar ko dala. Abin da yake buƙata shi ne wani ya gane ciwon ya rubuta shi a karne, ta yadda duk likitan da ya buɗe karnen gobe zai gani.

Na koyar da irin wannan yaron a aji na biyu. Kafin ya zo hannuna sunansa ya riga ya ɓaci a lakkol, wai fitinanne ne. Da zafi ya fara sai ya fice daga aji ba izini, ya tafi bakin famfo ya kwara wa kansa ruwa har kayansa su jiƙe sharkaf. An sha dukansa a kan haka. Yara suna kiransa tsoho saboda kansa da bakinsa. Da mahaifinsa ya kawo mini karnensa, sau uku aka rubuta masa makero a wurare dabam-dabam, sau uku yana shan ƙwayar makero ta makonni, sau biyu kuma an kore shi gida don kada ya shafa wa sauran. Uban ya ce mini: “Malam, yaron nan fa tun ranar suna wanzami bai samu abin askewa ba. Makero a cikin ciki ake kamuwa da shi?” Tambayar da ya kamata a yi tun farko ke nan, kuma manomi ne ya yi ta. Sai da wani ɗan'uwansu ya kai shi wurin likitan fata a babban birni aka gane ciwon. Gashi bai tsiro ba, ba kuma zai tsiro ba. Amma an mayar da shi kusa da taga, aka bar masa gorar ruwa da jiƙaƙƙen tsumma a kan tebur, aka cire shi daga wasan motsa jiki na rana, duka kuma ya ƙare. An kuma gaya wa uban cewa akwai haƙoran roba da ake yi wa irinsu tun suna ƙanana don su iya tauna abinci.

Akwai wanda ya fi wannan gaggawa. Ciwon Menkes, wanda likita John Menkes ya bayyana a 1962, yana hana jiki amfani da sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abinci. Shi ma maza ya fi kamawa. Jariri yakan zo kamar lafiya lau, sai bayan wata biyu ko uku jikinsa ya saki, ya fara taune-taune, gashinsa ya koɗe, ya murɗe, ya riƙa karyewa. In ba a yi komai ba, da yawansu ba sa wuce shekara uku. Allurar sinadarin tana taimakawa idan an fara ta cikin makonnin farko na rayuwa. Lambarsa ba ta ma cikin babin Q, tana E83.0, tare da cututtukan sarrafa sinadarai a jiki. Iyalin da aka rubuta wa ɗansu na fari wannan lamba daidai, ko da bai rayu ba, sun samu abin da zai sa a duba ƙanensa tun ranar haihuwa. Iyalin da aka rubuta musu “masassara” za su sake binne wani ba tare da sun san dalili ba.

A nan akwai wata matsala ta musamman gare mu. Littattafan da likitocinmu suka yi karatu da su, yawancin hotunan ciki na yaran Turawa ne. Murɗaɗɗen gashi a kan ɗan Bature abu ne da ido ke kamawa nan take. A kan ɗanmu, wanda gashinsa dama a nannaɗe yake, sai an lura da koɗewar launi da saurin karyewa, sai an dubi gira da gashin ido. Muddin ba mu rubuta namu ba, ba mu tara hotunan namu ba, haka ɗalibanmu na likita za su ci gaba da koyon ciwon a fuskar da ba za su taɓa gani a ɗakin duba marasa lafiya ba.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Abubuwan da ke raba yaro da gashinsa suna da yawa, kuma kowane da lambarsa da maganinsa. Makero, B35.0, yana zuwa ne bayan yaro ya yi gashinsa lafiya, ya ci wuri-wuri, da ɓawo da ƙaiƙayi, yana yaɗuwa ta aska da mataji da hula, kuma ƙwayar girizofulbin tana kashe shi cikin mako shida zuwa takwas. Tamowa mai kumburi, E40, tana sa gashi ya yi ja, ya yi laushi, ya riƙa tugewa, ga kumburin ƙafafu, kuma da yaro ya samu abinci gashin kirki ke dawowa. Akwai wanda gashi ke zubewa ya bar wuri sumul kamar kwabo, ba ɓawo ba ƙaiƙayi, wannan L63 ne, garkuwar jiki ce ke far wa tushen gashin, ba ya yaɗuwa. Akwai na ƴan mata da matsattsen kitso ke cinye musu gaban goshi. Zabiya kuma, E70.3, gashinsa lafiya lau yake, launi ne babu. Sannan jarirai da yawa gashin haihuwarsu yakan zube a watannin farko, musamman a ƙeya, ya sake fitowa, bakwaini kuma yakan zo da gashi mai laushi a kafaɗa da baya ya zube da kansa. Waɗannan biyun ba ciwo ba ne, kada uwa ta tayar da hankalinta. Abin da ke raba na haihuwa da sauran, sau da yawa tambayoyi ne masu sauƙi. Tun yaushe? Akwai mai irinsa a dangi, musamman wajen kawunnai? Haƙora sun fito? Yana zufa? Minti biyu sun isa a yi su.

Sai batun ƙidaya, wanda a ganina shi ne ginshiƙin maganar. A ƙananan cibiyoyin lafiyarmu, rahoton wata yana da layuka ƙayyadaddu: masassara, gudawa, ciwon huhu, tamowa, cututtukan fata, da sauransu. Abin da bai samu layi ba sai ya faɗa cikin “saura”. Daga nan alƙaluman ke shiga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, kuma Nijar da Najeriya da Ghana da Kamaru duk suna aiki da ita. Yaron da aka rubuta wa makero sau uku ya ƙara wa makero mutum uku a lissafin ƙasa, ciwonsa na gaskiya kuwa bai samu ko ɗaya ba. Ranar da za a zauna rabon kuɗi da tsara horon ma'aikata, takarda za a duba, takarda kuma ta ce babu irinsa. Kowane malami ya san wannan. Yaron da sunansa bai shiga rajista ba, ba a lissafa shi a rabon littattafai ko abincin lakkol, ko da kullum yana zaune a kan tabarma a gaban allo. A Ghana ma, asibitin da ke son hukumar inshorar lafiya ta biya shi sai ya rubuta ciwon da lambarsa a takardar neman kuɗi. Kuɗi takarda yake bi.

Kuma zancen ya wuce gashi. OMS ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda abubuwan da aka haife su da su, wasu 170,000 kuma tsakanin wata ɗaya da shekara biyar. Tara cikin goma na yaran da ake haifa da babbar matsala irin wannan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici ne, wato irin namu. Tun 2010 babban taron OMS ya buƙaci ƙasashe su kafa tsarin rajista da sa ido a kan waɗannan matsaloli. A watan Mayun 2025 kuma taron ya amince da ƙuduri a kan cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba, wanda Masar da Sifaniya suka jagoranta. Irin waɗannan cututtuka sun haura 6,000. Kowanne shi kaɗai ba shi da yawa, amma in aka haɗa su jama'a ce mai yawa. Ma'aikacin da ya saba cika babin Q saboda gashi, shi ne gobe zai cika shi saboda tsagewar leɓe da murɗaɗɗiyar ƙafa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Hannu ɗaya ne, al'ada ɗaya ce.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin gida idan likita bai ba ciwo suna ba. Mutane ba sa barin wuri a buɗe, za su ba shi nasu sunan. Za a ce uwar ta tsallaka wani abu da ciki, ko ta fita da almuru, ko kishiya ce ta yi mata sammu. Za a ce ɗan ruwa ne. Kuɗin gero zai tafi wurin masu hayaƙi da turare, a shafa wa kan jariri abubuwan da za su ƙone masa fata. Yarinya kuwa abin ya fi mata tsanani. Namiji zai sa hula ya shige cikin maza. Ita kuwa ranar kitson salla tana gefe, a lakkol ana fizge mata kallabi ana dariya, in ta girma a ce wa zai aure ta. Ba mu kaɗai muka yi irin wannan zalunci ba. Julia Pastrana, ƴar ƙasar Mekziko da aka haifa a 1834 da gashi a fuska da jiki, an yi ta yawo da ita a Amurka da Turai ana karɓar kuɗin kallo. Ta mutu a Mosko a 1860, aka busar da gawarta aka ci gaba da nuna ta, ba a binne ta a ƙasarta ba sai 2013. A yau abin da ke jikinta layi ne guda a cikin kundi, Q84.2. Sunan likita ba ya sa gashi ya tsiro ko ya zube, amma yana sauke wa uwa laifin da ba nata ba, yana kuma ba malami abin da zai faɗa wa aji: wannan halitta ce, ba ta yaɗuwa, ku zauna kusa da ita.

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon suke fitowa, don haka sukan fi bayyana inda ake auren zumunci. A 1998 masu bincike sun gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar da ke haddasa rashin gashi gaba ɗaya ta hanyar nazarin wani babban dangi a Pakistan. Ba ina cewa a bar auren zumunci ba ne, wannan shawara ce ta kowane gida. Amma mun riga mun koya daga ciwon sikila cewa sanin abin da ke cikin jini kafin a ɗaura aure alheri ne. Dangin da suka san sunan abin da ke yawo a cikinsu sun fi wanda ke cikin duhu damar yin shawara.

Duk da haka ina da tsoro biyu game da abin da nake kira a yi, kuma gara in faɗe su. Na farko, lambar ƙarya ta fi rashin lamba illa. In aka matsa wa ma'aikaci cewa dole ya cika gurbi, zai cika shi da abin da ya fi kusa da hannunsa, kamar yadda ɗalibi ke cika takardar jarrabawa don kada ya bar ta fara. Lamba kuwa tana da kwarjini, in ta shiga karne ba mai sake tambaya. Shi ya sa ya kamata a koya wa ma'aikata cewa ba abin kunya ba ne a rubuta abin da ido ya gani, “ba gashi tun haihuwa, haƙora ba su fito ba, a tura gaba”. Kundin ma ya tanadi lambobi na abin da ba a tantance ba tukuna, kamar Q84.9. Na biyu, sirri. Lambar ciwo amana ce tsakanin iyali da likita. Lakkol ba ta buƙatar lambar, abin da take buƙata shi ne takarda mai cewa yaron nan ba ya shafa wa kowa, kuma ga abin da za a kiyaye masa. Kada mu cire wa yaro sunan “tsoho” mu maƙala masa wani a allon sanarwa.

To me za a yi? Ba na neman a gina sabon asibiti. Mu fara da mutanen da suke riga likita ganin kan jariri. Ungozoma ce ke wanke shi ranar farko, wanzami ne ke aske shi ranar bakwai. Babu wanda ya san kan jariri kamar wanzami, ya riƙe ɗaruruwa a tafin hannunsa. In ana tara wanzamai da ungozomomi don faɗakarwa a kan tsabtar aska da allurar rigakafi, a ƙara musu jimla ɗaya: jaririn da kuka gani ba gira ba gashin ido, ko fatar kansa da wani wuri a buɗe, ko gashi ya rufe masa fuska, ku ce a kai shi likita kafin zafi ya shigo.

Ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙara layi ɗaya a rahoton wata na ƙananan cibiyoyi don abubuwan da ake haihuwar yaro da su, da gurbin bayyana irinsu. Manyan asibitocin jihohi kuma, inda ake da masu kula da takardun marasa lafiya, a horar da su a kan babin Q gaba ɗaya. Tunda duniya tana komawa CIM-11, wanda kyauta ne, akwai shi da Faransanci da Larabci, ana neman ciwo a cikinsa ta kwamfuta ko waya, kuma ya fi na goma rarrabe cututtukan gado, gara horon ya tafi kai tsaye can maimakon a yi aiki biyu.

Likitocin fata kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Amma gashi da fata abubuwa ne da hoto ke ɗauka. A Mali an yi shekaru ma'aikatan lafiya na karkara suna ɗaukar hoton ciwon fata su aika wa ƙwararru a Bamako ta intanet, amsa ta dawo musu. Majon da ke da waya a aljihu yana iya yin haka da izinin iyaye, iyali su huta da kuɗin mota da kwana a tasha.

Mu malamai kuma namu aikin yana nan. A makarantun horon malamai ana koya mana kaɗan daga kiwon lafiyar ɗalibai, a ƙara mana yadda za mu bambanta makero da abin da ba makero ba, ko aƙalla mu san cewa ba kowane kai marar gashi ne ke yaɗuwa ba. Kada darakta ya kori yaro gida sai da takardar likita. Yaron da ke gudu bakin famfo kullum cikin bazara, a dubi haƙoransa da hammatarsa kafin a ɗauko bulala.

A ƙarshe ina kira ga masana harshe da likitocinmu masu jin Hausa su zauna su ba waɗannan cututtuka sunaye da Hausa. Lamba ta likita ce da ma'aikatar lafiya. Uwar da ke ƙauye ba za ta riƙe Q82.4 a kanta ba, amma in aka ce mata ɗanki yana da ciwon rashin zufa, ta gane, za ta kuma san abin yi da tulun ruwanta tun kafin a gama bayani. Haka aka yi da sikila da tamowa da yoyon fitsari, sai da suka samu sunan da ake faɗa a rediyo sannan mutane suka fara fitowa da marasa lafiyarsu.

Iyaye kuma, in an gama duba yaronku, kafin ku karɓi takardar magani ku tambayi likita da ladabi: me ka rubuta a sama, kuma me yake nufi? In an rubuta abu ɗaya sau biyu, an sha magani sau biyu ba canji, ku nemi a tura ku gaba. Ku adana karnen nan kamar yadda kuke adana takardar gona. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya.